Roba ba ta tsaida harsashi, ƙasa ke tsaida shi

 

Zancen da munka ɗauko yau na bindiga ne, kuma mun san akwai masu ganin bai kamata a taɓo shi a fili ba. Ba zancen ƴan fashin daji za mu yi ba, wannan kullum ana yin shi. Za mu yi magana ne a kan tsohuwar tayar mota da ake jinginawa jikin dutsi a bayan gari, a zana mata da'ira da farar ƙasa, a ja da baya a riƙa auna ta da sunan koyon halbi.

Ga abin da ya tado maganar. Bayan girbin da ya wuce, a wani ƙauye na kan tudu da ba za mu faɗi sunansa ba, wasu samari sunka fita da la'asar. Ɗaya ɗan gidan mahalba ne, ya ɗauko adakar mahaifinsa. Ɗaya kuma bai daɗe da komowa daga bida ba, ya zo da bindigar iska irin ta halbin tsuntsu. Sunka samu tayar gingimari wajen mai faci, sunka kafa ta gaban wani falalen dutsi. Yara, kamar yadda kunka san halinsu, sunka taru a gefe suna kallo. Halbi na huɗu ko na biyar, sai wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya dafe fuska ya durƙusa. Ba gaban bindiga yake ba, yana can gefe, kusan bayan mai halbin. Ɗan ƙwayar dalma ce ta bugi tayar ta dawo, ta tsaga mai gira. Da ta sauko da faɗin yatsa ɗaya, da yau ido ɗaya gare shi. An kai shi likita an ɗinke wurin, ya warke, alhamdu lillahi. Mun gan shi, mun ga tabon.

Da munka zauna da samarin, babu wanda ya yi gardama cewa an yi kuskure. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne amsar da ɗayansu ya bayar. Ya ce: "Wallahi mu don gudun haɗari munka sa tayar. Mun ga a bidiyo Turawa da roba suke koyo, ance ita ka shanye harsashi." Wato yaran nan ba ganganci sunka yi niyya ba. Rabin labari sunka ji, sunka yi aiki da shi. Shi ya sa muke ganin cikon labarin ya zama tilas a faɗe shi.

Gaskiya ne, a ƙasashen da ke da filayen koyon halbi na doka, ana amfani da roba. Amma iri biyu ce, kuma kowace da aikinta. Ta farko allo ne ko siffar dabba ko ƙwallo da anka yi da wata roba mai laushi. Harsashi na shigarta ya fita ta baya, ramin kuma ya tsuke ya koma kamar ba a huda ba. Amfaninta kawai shi ne tana daɗewa, ba a canza ta kowane lokaci kamar takarda ko kwali. Ba a yi ta don ta tare komi ba. Wanda ya kafa irin wannan allo babu komi bayansa, daidai yake da wanda ya halba cikin sarari. Ta biyu tubali ne mai kauri sosai, ana niƙe tsofaffin tayoyi a cire wayar ƙarfen da ke ciki, a matse garin da danƙo. Wannan an yi shi don harsashi ya nutse ciki ya tsaya. Duk da haka masu ƙera shi suna faɗin irin bindigar da ya dace da ita, da tazarar da za a tsaya, da lokacin da za a juya shi ko a sauke shi. Kuma ko a can, bayan tubalin akwai bango ko tudun ƙasa.

To ita tayar da ke wajen mai faci ba ko ɗaya ba ce cikin biyun nan. Tun 1946 da kamfanin Michelin na Faransa ya fito da sabon salon ƙera taya, wanda yanzu kusan kowace mota ke tafiya a kansa, ana shimfiɗa saƙar wayar ƙarfe ƙarƙashin fatar da ke taka ƙasa. A bakin tayar kuma, inda take kama ƙarfen ƙafa, akwai zobe na waya mai kauri. Ku tambayi masu yanka takalmin taya a kasuwar Madawa ko ta Tamaske, su za su faɗa muku inda wuƙa ke ci da inda take karyewa. Ga shi kuma taya a lanƙwashe take, cikinta kogo ne. Abin da ke faruwa in an halbe ta ya danganta da ƙarfin abin da anka halba. Harsashi mai ƙarfi huda ta yake ya wuce, kuma in ya goga waya sai ya sake hanya, ya nufi inda mai halbin bai auna ba. Mai rauni kuwa, irin ƙwayar bindigar iska ko tsakin dalma da ake ɗura wa adaka, ba ya iya huda fatar, sai ta cillo shi baya. Kowa a cikinmu ya taɓa jifar taya da dutsi yana yaro, kuma ya ga inda dutsin ya koma. Abin mamaki a nan shi ne, bindigar da ake raina wa, ake cewa ta wasan yara ce, ita ce ta fi dawowa kan mai ita in anka haɗa ta da taya.

Sai kuma mu dubi ƙasar da muke zaune a kanta. Da a ce rairayi ne irin na arewacin Tanut, da wani zance ne. Amma Adar ƙasar dutsi ce. Daga tuddan Buza zuwa na Garhanga da Ibohaman, abin da ke ƙarƙashin ƙafa marmara ce da tsakuwa da fako mai tauri kamar daɓe. Harsashin da ya bugi dutsi a karkace ba tsayawa yake ba, zillewa yake ya tashi da sauran ƙarfinsa, wani lokaci ya tarwatse, tartsatsinsa su watsu ko'ina. Haka yake yi a kan fako, haka ma a kan ruwan tabki in ya same shi a kwance. Don haka jingina taya a jikin dutsi, wanda samarinmu ke gani kamar kariya biyu, haɗari biyu ne anka haɗa wuri ɗaya.

Mutane da yawa kuma ba su san nisan da harsashi ke ci ba. Na kalash yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 700 a sakan ɗaya, kuma in bai gamu da komi ba yana iya wuce kilomita 2 kafin ya faɗi. Ko ƙaramin harsashin nan mai lamba 22, wanda ake halbin zomo da zabi da shi, yana iya cin fiye da kilomita 1 da rabi. Ka tsaya kan tudu ka duba kilomita 2 gabanka, ka ƙidaya abin da ke ciki: gona, rijiya, hanyar kasuwa, makiyayi da bisashensa, mata masu itace, lambun albasa a fadamar Tarka ko ta Majiya. Wanda ka gani kaɗan ne, wanda kwari ya ɓoye maka ya fi yawa.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, kuma muna girmama su. Za su ce kakanninmu sun yi halbi shekara da shekaru babu allon roba, babu tuta, babu shela, kuma ba su kashe kowa ba. Da munka kai ma wani tsohon mahalbi wanga zance, ga yadda ya amsa: "Ɗana, mu lokacinmu in ka fita bayan gari ka yi tahiyar hantsi, ba ka gamuwa da kowa sai gada. Kuma uban gidanka ba ya ba ka bindiga sai ka yi shekaru kana ɗaukar mai gora. Yanzu ina dajin yake?" Wannan ita ce amsar. A 1960 mutanen Nijar duka ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. A ƙidayar 2012 an samu sama da miliyan 17, kuma Madawa, Buza da Keita kaɗai sun haura miliyan 1 da dubu 300. Tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Inda kakanka ya halbi barewa, yau gonar wani ce ko makarantar boko. Dajin da ke shanye kuskuren mahalbi ya ƙare, saboda haka dole a gina abin da zai tsaya a madadinsa.

Wasu kuma za su ce, ku da kuke wanga bayani, ba koya ma mutane riƙon bindiga kuke ba? A wannan hali da ake ciki, ga ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka, ga baƙin da sunka gudo daga jahar Sakkwato zuwa yankin Bangi, ai shiru ya fi. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma bari mu faɗi matsayinmu ƙarara don kada a juya mana magana. Ba mu kiran kowa ya nemi bindiga. Riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne a Nijar, kuma muna goyon bayan haka. Farauta ma tana da dokarta, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda jami'an gandun daji ke tsaron ta. Tun 1994 ƙasar nan ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma manyanmu suna tune da ranar 25 ga Satumba 2000 da anka ƙona makamai a Agadas don a rufe babin tawaye. Duk wanda ke da makamin da ba shi da takarda, shawararmu gare shi ɗaya ce: ya miƙa shi ta hannun maigari ko jandarma. Amma bayan mun faɗi wannan, akwai gaskiyar da ba ta ɓoyuwa. Akwai gidajen mahalba da gadonsu ke nan. Akwai jami'an tsaro da aikinsu ya wajabta musu atisaye. Akwai bindigogin iska da ke shigowa cikin kayan ƴan bida, ana ɗaukar su kamar kayan wasa. Shirun da munka yi shekara da shekaru bai rage ko ɗaya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar samari suna koyo daga bidiyon waya, kuma kun ji inda hakan ya kai yaron can.

Akwai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma babu wanda ke barin rijiya buɗe a tsakar gida ya ce in yaro ya faɗa ƙaddara ce. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa an hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. Wanda ya halba bai san inda harsashinsa zai sauka ba, ya nuna makami ga duk wanda ke bayan tudun nan, ko da bai gan shi ba.

To mi ke tsaida harsashi? Ƙasa. Tudun ƙasa mai laushi ko yashi, wanda anka tsince duwatsun da ke ciki, mai kauri, mai tsawo. A ganinmu kada ya gaza tsayin mutum biyu, kuma ya kasance yana da fukafukai dama da hagu kamar kofaton doki, don ya tare wanda ya kauce. Allon da ake auna, ko na roba ne ko na kwali, a kafa shi ƙasa-ƙasa, dab da gindin tudun, yadda duk abin da ya huda shi zai nutse cikin ƙasa nan take. Kada a ɗora shi kan tudu, kada a rataye shi ga icce, kada a riƙe shi da ƙarfe ko a danne shi da dutsi. Sanda ta wadatar. In dole sai an yi amfani da tayoyi, to aikinsu ya tsaya ga riƙe ƙasa kada ta zube: a cika su dam da yashi, a jera su can ciki, a lulluɓe fuskar da ke kallon mai halbi da ƙasa mai kauri har ba a ganin baƙin roba ko kaɗan. Ranar da ka fara hango taya ta leƙo, ranar ce za a dakata a ƙara ƙasa. Ruwan damina da iskar bazara suna cin tudu, don haka gyara ba ya ƙarewa.

Kada wani ya ce mana wannan aiki ya fi ƙarfinmu. Mu ne fa mutanen da, tun daga 1984 da anka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, munka tare ruwa a kan tuddai da hannu. Iyayenmu mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka jera su layi-layi, sunka haƙa ramukan dashen itace a kan fako har ya yi kore. A kwarin Majiya tun 1975 anka fara jera dogon yaro don tare iska, kuma layukan suna nan tsaye. Al'ummar da ta iya tare ambaliya da iska ba za ta kasa tara tudun ƙasa ɗaya ba. Kwana biyu na gayya da amalanken jaki sun isa.

Yanzu ga waɗanda ke da allon roba na gaskiya a hannunsu, ko jami'ai ne ko masu takarda. Kayan nan an ƙera su a ƙasashen da rana ba ta kai tamu ba. A nan, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40 a inuwa, baƙar roba da ke cikin rana kuwa ta fi haka nesa. Rana na busar da roba, ta sa ta tsattsage ta yi tauri, kuma robar da ta yi tauri ta daina haɗiye harsashi, ta koma cillo shi. Saboda haka in an gama, a ɗauke allon a kai shi inuwa, kada ya kwana ya wuni a fili. Kada a shafa mai man inji ko a wanke shi da fetur da sunan gyara, domin mai na cin roba, kuma yana jawo gobara. A duba shi kafin kowane atisaye: in ya fara ɓarɓashi, ko tsakiyarsa ta rarake, ko ka taɓa ka ji dalma ta cunkushe wuri ɗaya, to ya gama aiki. Dalmar da ta taru tana zama kamar dutsi a cikin robar, sabon harsashi ya buge ta ya dawo. Tubali mai kauri ana juya shi ana sauya mai wuri don kada gefe ɗaya ya sha duka shi kaɗai. Kuma kowane allo da irin harsashin da anka yi shi dominsa. Wanda anka yi don bindiga mai ƙarfi ba a gwada mai bindigar iska. A nisanta shi da wuta, da guntun taba, da busasshiyar ciyawa. Duk wanda ya taɓa ganin taya na ci ya san ba a kashe ta da guga biyu, kuma hayaƙinta guba ne.

Akwai wani ɓangare da ya fi damunmu, wanda kusan babu mai tunawa da shi, wato abin da ke faruwa bayan an watse. A ƙasarmu taya ba ta mutuwa. In ta gama aiki a mota sai ta zama takalmi, ko kwamin shayar da bisashe, ko mazaunin randa, ko abin gara wa yara, ko makamashin babbakar kai da ƙafa wajen wasu mahauta. To tayar da anka yi wata da watanni ana halbi cike take da gutsattsarin dalma. In ta koma kwami, tumaki sun sha. In ta shiga wutar babbaka, hayaƙin ya hau nama. Su kuma yara suna bin wurin suna tono dalma da kwanson harsashi, su sa a aljihu, su sa a baki, wasu su narka ta a gwangwani, wasu su kai ma masu sayen tsohon ƙarfe.

Dalma ba abin wasa ba ce, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A 2010, a jahar Zamfara da ke maƙwabtaka da mu ta kudu, gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Ƴargalma da Bagega. Can daga dutsin zinariya da ake daka a cikin gidaje ta fito, ba daga harsashi ba, amma gubar ɗaya ce. Likitocin MSF, waɗanda mutanen Madawa sunka san aikinsu a kan yara, su ne sunka fara gano abin. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Wadda ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, iyaye suna ɗora laifi a kan malam ko aljannu. Ba mu ce filin halbi ɗaya zai yi ɓarnar da ta faru a Zamfara ba. Muna cewa ne abin da ke shiga jikin yaro kaɗan-kaɗan ba ya fita da sauƙi, kuma hana shi shiga bai da tsada. Wurin halbi a killace shi da ƙaya. Kada ya kasance kusa da rijiya, ko tabki, ko kan hanyar da ruwan sama ke bi ya gangara fadama. Wanda ya taɓa allon ko ya tono ƙasar tudun ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki goro. Allon da ya gama aiki da tayar da ta sha halbi, kada a sayar, kada a bayar, kada a ƙona. A tara su wuri ɗaya da yara ba su kaiwa, a sanar da hukuma. Kuma tayar da anka bari buɗe a fili, da damina gidan sauro ce, da rani kuma mafakar kunama da maciji.

Shi kansa mai halbi yana da hakkin jikinsa a kansa. Ƙarar bindiga na kaiwa desibel 140 ko fiye, kuma wannan ya isa ya lalata ji tun daga halbi ɗaya. Ku lura da tsofaffin mahalba da tsofaffin sojoji, nawa ne cikinsu sai an ɗaga murya suke ji? Abin toshe kunne da tabarau mai kauri ba ragwanci ba ne. Sannan wurin atisaye ya kasance da mutum ɗaya mai ba da umurni, in ya ce a tsaya kowa ya sauke, kuma babu mai zuwa duba allo sai an tabbatar kowace bindiga babu komi cikinta. Ƴan kallo, musamman yara, ba su da wuri a nan, ko a baya ko a gefe. Wanda ya sha tramol ko wani abin maye, kada ma ya matso.

Daga nan muna da roƙo ga mutane huɗu. Ga shugabannin jami'an tsaro na yankunanmu, muna gode muku da tsayuwar da kuke yi dare da rana. Roƙonmu shi ne duk lokacin da za a yi atisaye kusa da gari, a sanar da maigari tun da wuri, a faɗa a rediyon gari, a kafa jar tuta, kuma in an gama a kwashe abin da ya rage kafin yara su riga ku. Makiyayi da ke tafe daga nesa ba ya sauraron sanarwar ofis, sai wanda ya tare shi a hanya ya faɗa mai. Ga magadan gari da sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, ku ne kuka san wace ƙasa ce ta wa, da inda burtali ya bi. Zaɓen wurin da ya dace da hana wanda bai dace ba, ba aikin samari ba ne, naku ne tare da hukuma. Ga Sarkin Baka da manyan mahalba, ku ne masu gadon abin nan, kuma ladabin da kunka koya wajen iyayenku ya fi duk abin da ke cikin waya. Kada ku bar adaka rataye inda ɗan shekara goma sha biyar zai miƙa hannu ya ɗauka. Ga ƴan'uwanmu na wajen bida, daga Abijan har Libiya, in za ku yi wa ƙane tsaraba, ku sawo mai abin da ba ya fidda ido.

Iyaye mata kuma, ku ne kuka fi kowa sanin inda yara ke zuwa da la'asar. In kun ji ƙarar halbi bayan gari, ku ƙidaya ɗiyanku. In kun ga dalma ko kwanson harsashi a aljihun yaro, ku karɓe, ku wanke mai hannu, ku tambaye shi inda ya samo, sannan ku faɗa ma maigida ya kai maganar gaba. Wannan ba tsegumi ba ne.

A ƙauyen da abin ya faru, dattawa sun zauna. An ɗauke tayar, an maida adakar hannun mai ita, bindigar iskar kuma tana ajiye wajen maigari. Mahaifin yaron bai kai ƙara ba, ya ce duk ɗiyansa ne. Mun yaba mai, amma ba kowane gari ne zai samu sauƙin da sunka samu ba, kuma da na sani ƙeya ce. Abin da muke so kowa ya riƙe daga wanga dogon bayani bai da yawa. Kafin a tambayi mi za a auna, a fara tambayar mi ke bayansa. In amsar ba tudun ƙasa ba ce, to ba a halbi a wurin, ko da allon daga Turai anka kawo shi.

Wanda ya karanta ya karanta ma wanda bai iya ba, kuma a isar da shi ga maigari da Sarkin Baka na garinku. Allah ya tsare mana ɗiyanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai mun sake haɗuwa.